Ƙofar firigon motata ta ƙi kama baki

Litinin 7 Afrilu 2025

Yau dai na ce bari in fara rubuta abin nan don na san halina, in sati biyu suka wuce sai in manta me na gwada me ban gwada ba. Motar tsohuwar kamfin-kar ce, irin mai ɗaki a baya da gado da wurin girki, Fiat Ducato, na saye ta tun 2019 hannun wani da ya kawo ta daga Kwatano, ƴan unguwarmu a Sabon Gari ta Damagaram har yau motar bature suke ce mata. Ni ba yawon buɗe ido nike da ita ba, maganin dabbobi nike saidawa kasuwannin ƙauye, kuma abin da ya ja ni gare ta tun farko firigon da ke ciki ne, don allurar rigakafin kaji da ta awaki tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in ta wuce haka ta daɗe to ruwa kawai kake tsira ma dabbar mutane.

Shekaranjiya na dawo daga Mirriya, kilomita 18 kacal, na buɗe firigo na ɗauki kwalba ɗaya na ji ta kamar an aje ta a inuwa kawai ba a firigo ba. Na duba ƴar tarmomitar da nike ajewa a ciki, 15. Wallahi gabana sai da ya faɗi. Kwalabe 6 na fidda na zubar, ba zan faɗi kuɗinsu ba don uwargida na iya ganin rubutun nan.

Abin da na lura: firigon na aiki, ƙarfen sanyin da ke ciki can sama har da ƴar ƙanƙara a jikinshi, amma gefe ɗaya kawai ta taru, gefen da ake kama ƙofa a buɗe. Na ɗauko takardar jika ɗaya na saka a bakin ƙofar na rufe a kanta na ja. Wajen ƙasa tana riƙewa sai na ɗan yi ƙarfi, gefen da ƙofar ke maƙale ma haka, amma kusurwar sama ta wajen mariƙi takardar zarewa take salin alin, har da na sake ta da kanta ta zame ta faɗi. To iska na shiga ta nan kenan.

Talata 8 Afrilu

Da dare bayan isha na kunna tocila na saka cikin firigon na rufe, na kashe fitilun motar duka, ni da yarona muka tsuguna cikin duhu kamar masu jiran gafiya. Haske ya fito siriri daga kusurwar nan ta sama ya gangaro kusan taƙi ɗaya. Yaron ya ce Baba ga wani can ƙasa, na duba ban gani ba na ce mashi idonka ne.

Da safe na wanke robar ƙofar, juwan ɗin kenan. Ban taɓa tsammanin dattin da ke cikin ninkinta ya kai haka ba, ƙurar hunturun shekara nawa ce ta haɗu da zoɓo da fura da suka zuba ta zama kamar laka ta bushe, sai da na sa tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi da sabulu. Bayan ta bushe na shafa basilin kaɗan kaɗan. Ta yi laushi, ƙofar ma har tana ɗan yin ƙarar tsotsa in an rufe, na ji daɗi na ce shikenan. Takardar jika ta ce a'a. Kusurwar na nan yadda take.

Alhamis 10 Afrilu

Ranar kasuwa, na bi ta wajen kasuwar Dole na ɗauko wani mai gyaran firigo da kabu-kabu don shigar da motar nan cikin cunkoson Alhamis neman faɗa ne. Saurayi ne mai hannu, na sha kai mashi firigon gida. Yana zuwa ya zagaya waje ya cire murfin iskar da ke jikin motar ya leƙa bayan firigon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce Alhaji ina kwamfaresan? Na ce babu. Ya ce to an sace maka shi, na ce haka aka ƙera shi. Kallon da ya yi mani kamar na ce mashi akuyata na tashi sama.

Gaskiya ni ma da na sayi motar sai da aka yi mani bayani sau uku. Irin wannan firigon ba shi da inji ko ɗaya mai motsi, shi ya sa ba ka jin ƙararshi da dare. Zafi ne ke haifar da sanyin. Bututun baƙin ƙarfe ne a rufe ruf, a ciki akwai ruwa da amoniya da iskar haidirojin, wuta na dafa haɗin daga ƙasa, amoniyar ta tashi tururi ta hau sama ta huce ta koma ruwa, ta gangaro cikin ƙarfen sanyi ta gamu da haidirojin ta sake zama tururi, to a nan take zuƙe zafin cikin firigon, sannan ruwan ya sake shanye ta a koma farko. Wutar kuma hanya uku ce, gas ko kuran, wato wutar lantarki, mai bolt 220 ko batirin mota mai bolt 12. Ɗalibai biyu ne ƴan Suwidin suka fito da dabarar a 1922, von Platen da Munters, kamfanin Electrolux ya saye ta a 1925, nawa ma tambarin Electrolux ne a goshinshi, wanda ke nuna ya girmi 2001 ko wajen nan don daga lokacin ne ɓangaren da ke ƙera irin waɗannan firigon ya ware ya koma Dometic.

Saurayin ya ce ko a ƙara mashi gas a gani. Na ce kul, wannan ba a buɗe shi ba a ƙara mashi komai, in ka huda amoniya ce za ta tarbe ka a hanci kuma firigon ya mutu kenan. Ya dai duba robar ya ce ta gaji a canza, kuma in ba na son canzawa yanzu in busa mata zafi ta kumburo. Na ba shi dala ɗari da kuɗin kabu-kabu.

Lahadi 13 Afrilu

Na aro diraya ta busar da gashi wajen ƙanwar uwargida mai gyaran kai, da sharaɗin in dawo da ita kafin la'asar tana da amarya. Na ja waya daga ɗaki, na fara busa kusurwar ina jan robar da yatsa tana miƙewa, ana cikin haka kuran ya ɗauke. Na zauna jira awa biyu cikin motar da ta zama tanda. Da ya dawo ina sauri saboda amaryar mutane, na murɗa dirayar zuwa ƙarshen zafinta na kafa ta wuri ɗaya. Ban ankara ba sai warin roba, kusurwar ta narke ta lanƙwashe kamar kunnen tsohon takalmi. Garin gyaran gira na rasa ido.

Yanzu ba takardar jika ba, ɗan yatsana ƙarami na shiga wurin. Laifina ne ba na kowa ba. Ga duk mai son yin wannan, zafi kaɗan, hannu na yawo, taƙi ɗaya tsakaninka da robar, in ta yi laushi ka rufe ƙofar ka bar ta ta huce a rufe. Ni na san haka ma kafin in fara.

Na cusa auduga a bayan ninkin na manne da sikoc, na maida sauran allurai firigon gida.

Alhamis 17 Afrilu

Neman roba. Na cire ƙofar gaba ɗaya don in gani yadda aka saka ta, don an gaya mani wasu irin waɗannan firigon robar a haɗe take da kumfar cikin ƙofa tun daga kamfani, ba a saida ta ita kaɗai sai ka sayi ƙofa sukutum. Allah ya taimake ni tawa tana da ƙafa mai kamar kan kibiya da ake turawa cikin wata kwarmi, ja kawai na yi ta fito. Na auna, faɗi santimita 48 tsawo 76 daga kwarmi zuwa kwarmi. Na yanko guntu daga wurin da ya narke na zagaya da shi Dole da Zango da wajen masu tsofaffin firigo, kowa ya juya shi ya ce babu irin wannan, nasu duk na firigon gida ne masu kauri.

Na ɗauki hoto na tura ta WhatsApp ma wani ɗan uwanmu da ke zuwa Kano sari, na ce ya duba mani Sabon Gari ta can. Ya ce an samu. Na ce ka tabbata ƙafar iri ɗaya ce? Ya ce Yaya kamar an tsaga kara.

Talata 22 Afrilu

Ta iso jiya a motar Matamai, an naɗe ta an ɗaure da igiya kamar kilishi. Ba kamar an tsaga kara ba ce. Ƙafar ta fi tawa kauri kaɗan kuma zagayen na babban firigo ne, amma tsayin ninkin ya yi daidai kuma mayen ƙarfen da ke cikinta sabo ne yana kama jikin firigon da kyau, na gwada. Jika 7 har da kuɗin mota, ba na maidawa.

Na jiƙa ta cikin bahon ruwan zafi wajen minti 15 duk lanƙwasar ɗaurin ta miƙe. Na koma wajen saurayin nan, kuma a nan kam ya nuna mani sana'arshi: ya zare mayen ƙarfen daga ciki, ya yanka robar a karkace kowace kusurwa, ya yanka mayen ƙarfen daidai tsawo ya maida, ya ɗora wuƙa a garwashi ta yi zafi ya saka ta tsakanin bakunan biyu ya zare ya haɗa su ya riƙe, suka manne kamar daga kamfani. Kusurwa huɗu, ɗaya ce kawai ya sake. Ƙafar kuma muka fere ta da reza kaɗan kaɗan har ta shiga kwarmin, wannan ya ci mana fiye da awa, ruwan sabulu ya taimaka.

Na maida ƙofa ina murna har na aika yaro ya sayo lemu. Na saka takardar jika a kusurwar sama. Ta zare.

Ba kamar da ba, tana ɗan gogar robar, amma ta zare. Na zauna a bakin gadon motar na yi shiru, yaron ya dawo da lemu ya ga fuskata ya aje ya fita.

Alhamis 24 Afrilu

Akwai wani dattijo a Birni, can bayan fadar Sarkin Damagaram, da ya yi shekaru yana kula da firigon kananzir na asibitocin ƙauye zamanin da babu sola, waɗanda ake aje rigakafin yara a ciki. Tun farko an ce mani in je wurinshi na ƙi, na ce ai matsalar roba ce me zan dami tsoho. Yau na je da motar, sai a bakin titi na tsaya don lungunan Birni ba su ɗaukar ta, ya fito da sandarshi a hankali ya hau.

Bai ko kalli sabuwar robar ba. Ya buɗe ƙofar rabi, ya sa tafin hannu a ƙarƙashin gefen mariƙi ya ɗaga. Ƙofar ta ɗagu, ta yi ƙwas, ya saki ta koma ƙwas. Ya yi haka sau uku yana kallona. Ya ce ɗana me kake sakawa a aljihun ƙofar nan? Na ce ruwa Baba. Ya ce nawa? Na ce gora huɗu na lita ɗaya da rabi. Ya ce kilo shida kenan, kuma wace hanya kake bi? Na ce ta Tanut da ƙauyukan gefenta. Ya yi dariya har da tari, ya ce ko jaki ka ɗora ma kaya gefe ɗaya ka bi da shi wannan hanyar sai ya karkace.

Ashe ƙofar ce ta sauka. Tana juyawa ne a kan wasu ƴan ƙusoshi biyu, sama da ƙasa, kowace na shiga cikin ɗan zoben roba mai tauri da ke jikin ƙofar. Zoben ƙasan ya cinye ramin ya zama kamar ƙwai maimakon zagaye, kuma ƙarfen da ke riƙe da ƙusar ƙasa ya ɗan lanƙwasa, bis ɗinshi ɗaya, ƙusar nan da ake murɗawa, ya kwance. Ƙofar sai ta rusuna wajen mariƙi, robar kusurwar sama ta sauko ta bar inda ya kamata ta zauna, ta ƙasa kuma tana goga tana naɗewa, wato hasken da yarona ya ce ya gani a ƙasa ranar 8 gaskiyarshi ce. Abin haushin ni da hannuna na cire ƙofar nan na maida har sau biyu ban lura ba, idona duk yana kan roba.

Na tambaye shi to tsohuwar robar fa da ban ƙona ta ba? Ya ce da ta ƙara maka shekara biyu. Na ce Baba da ka bar wannan a cikinka.

Mun daɗe muna hira, ya ƙi karɓar ko dala sai goro da na sa aka sayo. Ya ce a zamaninsu in firigon kananzir ya ƙi sanyi sukan sauke shi su kifa shi kai ƙasa ya kwana sannan su miƙe shi, wani lokaci ya tashi wani lokaci a'a. Ya ja mani kunne a kan abu biyu. Na ɗaya kar in bar shi a kunne motar na tsaye a karkace, don ruwan ciki da nauyinshi yake gangarowa babu famfo, in ya taru wuri ɗaya tukunyar dafawar ta yi zafi fiye da kima maganin hana tsatsa da ke cikin ruwan ya daskare ya toshe bututu, kuma wannan ba ya gyaruwa. In ana tafiya ba komai, girgizar na motsa shi. Na biyu ranar da na ji warin amoniya ko na ga gari ruwan ɗorawa a bayan firigon in kashe gas nan take in buɗe tagogi. Na tuna sau nawa na yi fakin a gangaren kasuwa tun safe har yamma, na yi shiru ban gaya mashi ba.

Asabar 26 Afrilu

Aikin yau. Na cire ƙofa karo na uku. Ƙarfen ƙasa na kai wajen mai sudur na bakin titinmu ya ɗora a maƙera ya buga ya miƙe, bai ma karɓi kuɗi ba. Ramin bis ɗin da ya kwance katakon ƙarƙashinshi ne ya rube ya buɗe, na cusa tsinken ashana uku da kol, wato gam, na katako na bar shi ya sha iska sannan na ɗaure da bis mai ɗan tsawo. Zoben roban ne ba a samu, na yi ta tunani sai na yanko guntun tiyon mai na babur, ƙusar ta shige shi cif, na ɗan fere bayanshi na tura cikin ramin na cike gefen da ya cinye da kol mai haɗi biyu. Sannan rondel biyu, ƴan faifan ƙarfe masu huji a tsakiya, a kan ƙusar ƙasa don ƙofar ta ɗago wajen milimita 2. Rondel ɗin dala ashirin duka biyun. Jika 7 da kwalabe 6 da dirayar mutane, ga dala ashirin.

Da na maida sai makullin tafiya na sama ya ƙi shiga raminshi tunda ƙofar ta hau, na sassauta bis biyu na matsar da shi na ɗaure. Na lura kuma da ma can makullin na da matsayi biyu, ɗaya na rufewa gam ɗaya na barin ƙofa a ɗan buɗe don kar ta yi wari in firigon na kashe, kuma na farkon ya sassauce yana barin ƙofar na rawa. Na gyara shi yadda sai ka ɗan danna ƙofar kafin ya faɗa.

Takardar jika wuri 12 na gwada zagaye. Ko'ina tana riƙewa. Da dare tocila, ni da yaron, duhu ƙirin, wannan karon shi na bari ya yanke hukunci ya zagaya har ƙasa ya kwanta ya ce babu Baba.

Lahadi 27 Afrilu

Na kunna a gas tun jiya ƙarfe 9 na dare, motar a daidaice, kofin shayi na cika da ruwa na aje a ƙasan firigon na ga bai karkata ba. Ƙarfe 6 na safe 4. Ƙarfe 12 na rana 7. Ƙarfe 3 da rabi 11.

Ana kukan targaɗe. To amma da 15 ne ko fiye, kuma ƙanƙarar gefe ɗaya ba ta dawo ba.

Asabar 3 Mayu

Na duba ƴar takardar da ke manne cikin firigon na ga ajinshi SN, ma'ana an yi shi don wurin da zafi bai wuce 32 ba. Akwai ST mai kai 38 da T mai kai 43. Bature ya ƙera abinshi don hutun bazarar ƙasarsu, ni kuma na kawo shi Damagaram a watan Mayu inda 42 a inuwa ba labari ba ne, jikin motar ma in rana ta doke shi ba ka iya aza hannu. Don haka sauran aikin ba na ƙofa ba ne, na fitar da zafin bayan firigon ne.

Na cire murafun iska biyu na waje, na ƙasa da na sama. Gidan zanzaro uku, ƙura kamar an zuba da kwano, har da ledar piya wata da ban san ta inda ta shiga ba. Na share na busa da famfon taya, na goge bakin murhun gas ɗin da buroshi a hankali, harshen wutar da ke ɗan ja ya koma shuɗi. Na sayo fanka biyu ƙanana na cikin tsohuwar kwamfuta masu 12 a wajen masu gyara, jika ɗaya da rabi, na ɗaure su a bayan murfin sama suna tura iska waje, na ja masu waya daga batirin ɗaki da fis da ɗan makunni kusa da gado. Na fara saka ɗaya a juye tana tura iska ciki, sai da na kara takarda na gane.

Akwai kuma rata tsakanin saman firigon da katakon kabad inda zafi ke taruwa ya rasa hanya, na lanƙwasa guntun kwano na saka a karkace ya riƙa bi da iskar zuwa murfi.

Laraba 7 Mayu

Gwajin hanya. Na tashi bayan asuba na ɗauki hanyar Tanut, na wuce matatar mai ta SORAZ na sauka daga gudoro na shiga wajen ƙauyukan da na saba, wurin da hanyar ke da tsani tsani har haƙoranka na haɗuwa. Ban ɗauki allura ko ɗaya ba, gorunan ruwa ƙanana na jera a madadinsu, waɗanda suka kwana a firigon gida, don na koyi cewa wannan firigon riƙe sanyi ya iya, in ka ba shi abu mai zafi ya sanyaya sai ya yini yana fama. Aljihun ƙofa babu komai sai auduga da sirinji. A hanya yana kan batiri 12, da na tsaya na maida shi gas nan da nan don a 12 yana jan wajen amfiya 9, in injin na kashe awa kaɗan ya tsotse batiri.

Na yi fakin ƙarƙashin wani gawo na juya gefen firigon ya kalli inuwa, na sa dutse ƙarƙashin taya ɗaya har kofin shayi ya daidaita, mutanen kasuwa na kallona suna tambaya ko taya ce ta yi faci. Ƙarfe 10 yana 5. Ƙarfe 1 yana 6. Ƙarfe 3 da rabi 8, ya tsaya nan bai wuce ba har rana ta yi sanyi. Sau huɗu kawai na buɗe duk yinin, kuma wannan ma wani abu ne, da can kowane mai sayen magani sai ya ce Alhaji a taimaka da ruwan sanyi ni kuma ba na iya hanawa. Yanzu ruwan sha na cikin kula daban da ƙanƙarar dala arba'in, kowa ya sha.

Da na dawo gida na ɗaga ƙofar kamar yadda dattijon ya yi, ba ta motsa ba.

8 ɗin nan dai a bakin iyaka yake ban so ba. Na yanke cewa har zafi ya sauka allurai na cikin ƴar kula ƙarama a cikin firigon, kuma ba na ɗaukar fiye da abin da zan saida a yini biyu.

Juma'a 23 Mayu

Ba wani sabon abu. Butalin gas na kilo 6 ya kai kwana 20 wannan karon, kafin gyara sati biyu da ƴan kwanaki yake yi. Fanka ɗaya ta fara kuka da dare na ɗiga mata mai ta yi shiru. Na kai ma dattijon Birni kaji biyu da na yi ma rigakafi da hannuna, ya ce to in suka mutu ya san firigon bai gyaru ba.

Lahadi 29 Yuni

Na jira damina da gangan kafin in ce komai, don a rani iskar garin nan a bushe take ƙamas, ko ƙofa na yoyo ƙanƙarar da za ta taru kaɗan ce. Yanzu da aka fara ruwa iska ta yi nauyi, in akwai rata ko ta allura ce kwana uku ya isa ƙarfen sanyi ya yi gemu kuma ruwa ya taru a ƙasa. Bara war haka kullum sai na matse tsumma. Firigon yau kwana 9 a kunne, raɓa ce kawai siririya ta kwanta daidai ko'ina a jikin ƙarfen, ƙasa a bushe. Da rana 5, da asuba ya sauka har 2 sai da na rage shi, don allurar kaji irin mai mai ɗin nan in ta daskare ta lalace kamar yadda zafi ke lalata ta.

Abu ɗaya da na gani, kusurwar da saurayin ya sake mannewa ta ɗan buɗe baki kamar ƙwayar shinkafa ta waje, ba ta kai ciki ba, takarda na riƙewa a wurin. Tiyon babur ɗin ma ya fara ɗan laushi, da na ɗaga ƙofar na ji motsi kaɗan wanda babu shi a Mayu. Na auna ƙusar milimita 6 ce, ramin ƙofa 10, na ba wani mai injin tur a Zango ya ce zai fere mani zobe na tagulla in na kawo mashi guntu, akwai tsohon kan famfo a bayan ɗaki da zan kai mashi ranar Alhamis in na shiga kasuwa.